Gadon Bayan da Ya Ƙi Faɗuwa

Mun tashi daga Kano da asuba, ni da taubashina, bayan na shafe fiye da rabin shekara a gadon asibiti. Ku da kuke ta aiko mini da tambaya, yaya jiki, yaya hanya, an koma aiki ko ba a koma ba, ga amsarku gaba ɗaya. In kun ji zafi a maganata ku yi haƙuri, har yanzu zuciyata ba ta huce ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani gari cikin fadamar Haɗeja, can wajejen Auyo. Da safe manomin shinkafa ne ni, da yamma in tsaya gaban allo in koya wa magidanta karatun boko. Ciwon baya ya kama ni wata damina da muka ja kwale-kwale daga cikin laka, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Shekaru na yi ina fama da shi. An yi mini ƙaho, an yi tsaga, an yi sakiya, na sha saiwoyin da ko akuya ba za ta kalla ba. Da ƙafar hagu ta fara ja, malamin asibitin Haɗeja ya ce a kai ni Kano. Can wani likita Bature ya tsaga bayana, ya ɗebi ƙashi a ƙuguna, ya haɗe gaɓoɓin da suke gugar juna. Na kwanta wata da watanni cikin farin siminti irin na masu karaya. Da aka fasa shi sai da aka sake koya mini tafiya tsakanin wasu ƙarafa biyu, ni da gemuna, wata ma'aikaciya tana ce mini madalla duk na ɗaga ƙafa.

Ranar sallama aka ɗaura mini wata rigar fata mai sandunan ƙarfe, daga ƙugu har hammata. Taubashina masunci ne, bakinsa ba ya hutawa, yana ganinta ya ce dama tun muna yara ya san ƙarshena akumari ne, sai dai bai zaci Bature ne zai ɗora mini ba. Likitan ya yi mini gargaɗi ta bakin tafinta. Ƙashin da aka dasa ba zai gama kamawa ba sai damina ta zagayo. Kada in sunkuya, ko kuɗi na gani a ƙasa in wuce. In na lanƙwasa shi ya ɓalle, ba su da wata dabara ta biyu. Fartanya kuwa in manta da ita. Ya tambayi sana'ata, na ce bayan noma ina koyarwa a tsaye, ya ji daɗi, ya ce tsayuwa da tafiya su ne maganina. Ke nan ajin nan shi kaɗai ya rage mini abin ciyar da iyali. An ba wani riƙonsa da na tafi, kuma hakiminmu ne zai ce in karɓa ko kada in karɓa.

Abu guda ba wanda ya tayar da zancensa, shi ne gaisuwa. Bature ba ni ganin laifinsa, bai taɓa faɗuwa gaban kowa ba. Amma tafintan nan Bahaushe ne, ya san ƙasar da zai mayar da ni. Ya yi mini bayanin yadda zan sa takalmi da yadda zan shiga makewayi, bai ce uffan a kan yadda mutum zai shiga zauren manya da baya a sandare ba.

Jirgin Nguru muka shiga, taragon talakawa. Bencin katako ne, in ka zauna duk wata gaɓa ta dogo sai ta gaisa da ƙashin bayanka, don haka na yi yawancin tafiyar a tsaye, riƙe da bakin taga. Ban yi da-na-sani ba. Gero ya yi kai, dawa ta yi duhu, gyaɗa ta rufe ƙasa, ga kududdufai cike da balbela. A Ringim 'yan talla suka yanyame jirgin da gasasshiyar masara da dafaffen ƙwan zabi. Masara kwabo, amma ta taga sai ta zama kwabo da ɗari, wato kwabo ɗaya da rabi, wai ladan miƙowa. Wata tsohuwa da ke kai jikarta Gagarawa ta daɗe tana kallona, can ta tambayi taubashina ko ni soja ne. Ya ce e, Hajiya, yaƙi ya yi da katifa, katifa ta ci shi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin tambayar. Mutumin da ya yi shekaru yana tafiya a duƙe, yara suna kwaikwayonsa a bayan idonsa, yau shi ake ce wa soja.

Da la'asar sakaliya muka sauka Malam Madori. Ba a fara cinikin gyaɗa ba, amma 'yan dako suna ta sauke buhunan gishiri daga tarago, kowanne ya duƙa ana aza masa. Da ban taɓa kula da su ba. Ran nan ji na yi kamar in riƙe hannun ɗaya in ce masa ya bi a hankali, na ga ɗakin da irinsu suke ƙarewa.

Nan tashar na yi kiciɓis da babban bafaden hakiminmu, ya zo karɓar kwanon rufi. Abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa, tun ina yaro in na hango rawaninsa ƙasa nake zubewa. Jikina ma ya fara tafiya da kansa, sai ƙarfen ya soke ni a hammata ya tsayar da ni. Taubashina kuwa tuni ya tsuguna har yana dafa ƙasa, wannan ya ƙara fito da tsayuwata. Na tuɓe takalmi da ƙafa, na sadda kai iyakar yadda wuya zai yarda.

"Baba, mun same ku lafiya?"

Ya dube ni daga hula har yatsu. "Malam, an sha Kano."

"Baba, aikin da aka yi mini ne, an sa mini ƙarfe a..."

"Na gani," in ji shi. "Ai ka miƙe."

Ya juya wajen kwanonsa.

Sai na ɗan yi bayani saboda na nesa. 'Yan shekarun nan samarin jam'iyyar hamayya a birane sun ɗauki wani ra'ayi, ba sa faɗuwa gaban sarakai, wasu ko takalmi ba sa tuɓewa. A ƙasarmu 'yan ƙi-faɗi ake ce musu. Wanda aka liƙa wa sunan nan rumfarsa ta kasuwa ba ta kwana, in ma'aikaci ne aikinsa ba ya kai wata. Ni kuwa abin da na sani na Kano shi ne rufin ɗakin asibiti, na san duk inda ya tsage da inda ƙadangare yake fitowa. Ban je taron kowa ba. Mutumin da ake juyawa da zani a kan gado, ina ya ga ƙafar zuwa lacca?

Daga Malam Madori zuwa Haɗeja ba nisa, amma hanyar da damina azaba ce. Muka biya kuɗin gidan gaba a wata tsohuwar mota saboda bayana, ninki biyu na masu zama kan kaya, duk da haka kowane rami sai na ji shi har cikin haƙorana. Sau da yawa mota ta kafe, kowa ya sauka turi. Ni na sauka na tsaya gefe. Wani mai tallan goro, laka har gwiwa, ya ce da ƙarfi don in ji, wai malaman boko ba sa taɓa ƙasa. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga in na fara bayani a nan, bayani zan yi ta yi har in mutu. Rigar ƙarfen tana ƙarƙashin babbar riga, ba mai ganinta. Gurgu ana ganin ƙafarsa, makaho ana ganin sandarsa, ni abin da ake gani a jikina girman kai ne kawai.

A Haɗeja muka sauka gidan gwaggona, mai sayar da bandar kifi. Ita ba ta jira bayani ba. Da ta ga ban durƙusa ba sai ta miƙo hannu ta shafa ƙirjina, ta ji ƙarfe, ta fashe da kuka. Ta sa aka ciro ƙyauren wani ɗaki aka shimfiɗa mini, don gadon kara ba ya yi mini. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zuba tarwaɗa a ciki ba tsoron Allah, na ci abincin da na yi wata bakwai ina mafarkinsa. Da taubashina ya ba ta labarin tasha, ta ajiye muciya.

"Kai ɗan nan, ka bi bayan tsohon nan tun bai kai gari ba. Na san bakinsa tun yana saurayi."

Gaskiya ta faɗa, amma motar ta riga ta gama da ni. Kwana biyu ban iya kama hanya ba. Shi kuwa Baba washegari da sassafe ya wuce.

Likita ya ce ko da ciwo kada in bar tafiyar ƙafa, don haka kullum da hantsi nakan zaga kasuwa a hankali da sandata. Kasuwar Haɗeja da damina warin kifi ne yake yi maka maraba tun daga nesa. Karfasa da tarwaɗa tuli-tuli, an karya kuɗinsu ƙwarai saboda ruwa ya kawo. Ga tabarmin kaba, ga kanwa, ga Barebari masu shanu suna ciniki rabi da Hausa rabi da nasu, ga matan Fulani da nono mai kauri wanda cokali zai tsaya a ciki. Da ina da kwanciyar hankali da na more. Amma garin cike yake da dattawan da suka san ubana, kowanne na gaisar a tsaye sai in ga fuskarsa ta canza. Wasu na samu na yi musu bayani, suka ce Allah ya sawwaƙe da bakin da bai yarda ba. A rana ta biyu, wajen 'yan tabarmi, wani tela da ban taɓa gani ba ya matso, ya matse hannuna, ya raɗa mini cewa suna tare da ni, kada in ji tsoro. Na ce tare a ina? Ya yi murmushin wanda ya gane, ya ce haka ne, Malam, a yi ta taka-tsantsan. Ka ji fa. Ɓangare ɗaya sun kore ni, ɗaya sun karɓe ni, ba wanda ya tambaye ni ko ɗaya.

Rana ta uku muka shiga fito, don ruwa ya cinye hanyar garinmu. Shiga kwale-kwale ba tare da sunkuyawa ba wani aiki ne da likita bai koya mini ba. Sai da taubashina ya shiga ruwa har ƙugu ya ba ni kafaɗa, na taka, na zauna kan buhun dusa a miƙe, ya ce to, ga sarkin ruwa an naɗa ba ganga.

Duk fushin da nake ciki, fadama ta ɗan sanyaya ni. Ruwa ne iyakar ganinka, ba ka rabe kogi da gona sai da launin ciyawa. Shinkafa ta biyo ruwa ta ɗago kai, bado ya buɗe fari fat, tsuntsayen kirinjijiya suna tashi garke-garke suna fito. Masunta suna kwance rub-da-ciki kan manyan gorunansu suna bin koma, ragarsu ta kamun kifi, taubashina ya san kowa, yana yi musu tsiya wai ya tafi wata guda kifi ya raina su. Ƙauyuka sun koma kan tudu, kowanne da 'yan gorubarsa da hayaƙin banda. Mai fiton ya bi da mu ta gefen gonata. 'Yan'uwa sun yafa mini iri, Allah ya saka musu, amma kowa da tasa gonar, ciyawa ta ci ƙarfin tawa. Kwale-kwale ya goga wani tushen ciyawa, yana nan dab da hannuna, in na ɗan karkata zan tuge shi. Na zauna ina kallonsa har muka wuce.

Mai fiton ɗan garinmu ne, ya taɓa zama ajina har ya iya rubuta sunansa. Yana cikin tuƙi, can ya yi gyaran murya.

"Malam, ka yi haƙuri, gara ka ji a bakina. A gari an ce ka dawo da katin 'yan ƙi-faɗi. An ce a tasha ka tsaya kan Baba ƙerere. Wasu ma cewa suke ba a yi maka aikin komai ba, karatun jam'iyya ka tafi."

Ba a yi mini aikin komai ba. Ni da aka tsaga kamar ragon layya. Da ina da bayan da zan yi tsalle da shi da na faɗa ruwa na ƙarasa da iyo. Taubashina ya ce in bar shi, shi zai yi magana. Na ce ba a taɓa aika taubashi fada ya dawo da alheri ba. Muka yanke ba zan shiga gida ba sai na fara zuwa ƙofar hakimi, tun ba a tashi zaman safe ba.

Wanda ya san zauren hakimi ya san ƙa'idarsa. Ka tuɓe takalmi a waje, ka shiga a duƙe, ka zube gwiwa da gwiwar hannu, goshi dab da yashi, ka ce ranka ya daɗe, fadawa su amsa maka. Na yi wannan tun ban san dalilinsa ba, ban kuma taɓa jin nauyinsa ba. Ran nan na shiga a miƙe don ba ni da wata shigar. Na dogara sanda, na sauke gwiwa ɗaya, na sauke ɗayar, gumi yana keto mini. Iyakata ke nan. Ga ni a durƙushe, amma ƙirji a tsaye, kai a sama, idona cikin idon hakimi. Shekara nawa ina shiga zauren nan, sai ran nan na san yana da tabo a gira.

"Ranka ya daɗe, na dawo."

Ba wanda ya amsa. Baba yana zaune dama da shi, ya ce, "A faɗi a yi gaisuwa."

Na yi bayani tiryan-tiryan, ƙashin da aka dasa, ƙarfen da ke jikina, abin da likita ya ce. Hakimi mutum ne mai sanyin murya, ba ya faɗa, ya bari na gama.

"Mun ji," ya ce. "An ce ciwon nan ya kama samari da yawa a Kano bana."

Fadawa suka yi dariya. Kafin in ankara taubashina ya taso ta bayana ya yaye mini riga har wuya. Magidanci da furfura a gemu, a tsakiyar fada, an buɗe shi ana kallo kamar jakin da za a saya. Ya sassauta maɗaurin baya, ya nuna musu ɗinkin, dogo, ja, tun daga tsakiyar baya har ƙugu. Dariya ta tsaya. Baba ya kawar da kai.

Hakimi ya duba da kyau. Na ga ya yarda, wallahi na gani a fuskarsa. Sai ya tambaya ko ana cire rigar. Na ce ana cirewa in za a goge mini jiki, ina kwance.

"To a cire, a gaisa, a mayar," in ji shi. "Malam, ba mu ƙaryata ka ba. Amma kai ne mai tsayawa gaban talakawa. Su ba za su ga ƙarfe ba, tsayuwa za su gani. In malami bai faɗi ba, gobe ɗalibai ba za su faɗi ba. Ajin yana hannun wanda bayansa ke lanƙwasuwa, in ka ga ba za ka iya ba, ba dole."

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona ni, har yau. Da ƙaryata ni ya yi, da na ce rashin sani ne. Ya san gaskiya nake faɗa. Ya san in na duƙa ƙashin zai iya ɓallewa in koma jan gindi har abada. Ya auna wannan da abin da mutanen gari za su gani, ya ga bayana ne mai sauƙi.

Na zauna kan gwiwoyina ina tunani. In na cire na duƙa, wata bakwai na wahala sun tafi a banza, wataƙila da ƙafafuna. In na tashi na fita, na tabbatar musu da sunan da suka ba ni, ba aji, ba gona, 'ya'yana su ci gaba da cin kifin sadaka daga komar taubashina. Likita cewa ya yi kada bayan ya lanƙwashe. Bai ce kada ya kwanta ba.

Na ce wa taubashina ya ɗaure rigar tamau. Na ce ya kira mai fiton nan daga waje. Ɗaya ya riƙe kafaɗar dama, ɗaya ta hagu, su kai ni ƙasa rub-da-ciki a hankali, kada su bari tsakiyata ta lotsa. Suka sauke ni kamar azara. Ƙarfen ya danne mini haƙarƙari har numfashi ya yi wuya, gemuna da bakina suka shiga yashi. Ba wanda ya taɓa faɗuwa irin wannan a zauren, ko ɓarawon da aka kamo.

"Ranka ya daɗe," na ce wa yashi.

"Hakimi ya gaishe ka, Malam," in ji fadawa, baki ɗaya.

Ina kwance na ji hukuncin daga sama. In karɓi ajina ran Asabar. Tunda kuma an ga abin mai yiwuwa ne, in riƙa zuwa gaisuwar Juma'a kamar sauran ma'aikata. Tayar da ni ya fi kwantar da ni wuya, sai da suka mirgina ni gefe, suka ɗago ni da kaɗan-kaɗan. Taubashina tun da aka haife mu bai taɓa ganin na faɗi bai yi dariya ba. Ran nan ko murmushi bai yi ba har muka fita.

Muka isa gida da azahar. Yara suka sheƙo za su ɗane ni, uwarsu ta tare su da hannu biyu, an riga an gaya mata. Ta kawo ruwa, ta tsaya tana kallona, ta ce na ƙara tsawo. Sai ta matso ta ce mene ne wannan a gemuna. Na ce gaisuwa na yi. Ta sa gefen zaninta ta kakkaɓe, ba ta sake tambaya ba.

Da yamma limaminmu ya zo duba ni. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana damuna, yadda zan yi da ruku'u da sujada har damina ta zagayo. Ko tunani bai tsaya yi ba. Ya ce in yi sallata a tsaye, in yi nuni da kai, ta cika, ba ragi a ladanta. Na ce ko sau ɗaya a mako ba sai an kwantar da ni ba? Ya yi mini kallon mamaki, ya ce Wanda ya halicci bayan ya san abin da ke cikinsa, me zai yi da wahalata. Ban gaya masa dalilin tambayar ba, na san kafin magariba zai ji a gari.

Ran Asabar na koma aiki. Allon yana nan, mai riƙo ya bar mini shi da ɓarɓashin alli da rabin ɗalibai. Zuwa yau sauran sun fara dawowa. Ga masu tambayar jiki, alhamdu lillahi. Ina tsayawa daga la'asar har rana ta yi ja ba ciwon nan na da, ƙafar hagu tana ƙara ƙarfi, kullum da safe ina zaga gari da sandata. An ɗaga mini allon sama kaɗan, in alli ya faɗi wani ya miƙo mini. Wanda duk yake fama da irin ciwona kada ya ji tsoron wuƙar likita, amma ya kiyaye abin da aka hana shi, ko wa ya ce ya karya. Ranar farko magidantan suka zo za su tsuguna su gaishe ni kamar yadda suka saba, na ce kowa ya tashi, a ajin nan a tsaye za mu riƙa gaisawa. Suka dubi juna. Na san maganar za ta kai inda za ta kai.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma ba mai daɗi ba. Na ɗauka wuyar abin ita ce wuƙa da siminti da koyon tafiya, ashe duk wannan da mataimaka. Na tafi Kano ban taɓa tambayar kaina don me nake faɗuwa ba, na dawo ban tambaya ba. Abin da suka ce na ɗauko a Kano ban ɗauko shi a can ba. A zauren hakimi na same shi, bakina cike da yashi.

Jibi Juma'a. Taubashina ya ce zai bar koma da wuri, ya biya ya ɗauko mai fito.